Layin Tasalla

Karo na uku ke nan Zunnuraini yana ba kwamfutar umarnin ta mutu, karo na uku kuma tana ƙi. Allon ya yi shuɗi, 'yan ɗigo suka yi ta zagaye, sai rubutun ɗazu ya sake fitowa: wai akwai manhaja guda da ta hana a kashe, don haka ya zaɓa, ko a kashe da ƙarfi ko a fasa. Manhajar kuwa ba baƙuwa ba ce, ta rajistar layukan waya ce, wadda ya wuni a kanta tun bakwai na safe.

Ya ja dogon tsaki, ya danna a fasa. Fuskar manhajar ta dawo fari fat kamar an shafa mata alli, ko ina ya taɓa ba ta motsi.

“Mushe, kai kaɗai ake jira fa.”

Manu ne a bakin ƙofar kwantenar, makullin mota na kaɗawa a yatsansa. Mutumin Maraɗi ne, shekararsa goma yana jigila tsakanin bakin boda da Katsina, kuma duk wanda ya gani da biro a aljihu Mushe ne a wurinsa, wato malam a Faransancin mutanen Nijar. Ya ce mota ta cika, ya ajiye masa gaba, amma ai ya san doka: in biyar ta buga bai ɗau hanya ba, to shi da hanyar nan sai gobe. Ba shi kaɗai ba, a 'yan shekarun nan babu direban da ke son magariba ta riske shi tsakanin Jibiya da Katsina, dalili kuwa ba sai an faɗa ba.

Zunnuraini ya dubi agogo, huɗu da minti ashirin. Ya ce a ba shi minti biyar. Manu ya ce minti biyar ɗin 'yan boko ya san tsawonsa, ya juya ya tafi.

Sati uku ke nan Zunnuraini yana cikin wannan kwantena, tsakanin mai shayi da rumfar 'yan canji, dab da shingen kwastan. Kamfanin waya ne ya ba da sanarwa cewa duk mai layi ya zo a sake ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa, wanda bai zo ba zuwa ƙarfe shida na yau Alhamis za a rufe layinsa, daga baya a ba wani lambar. Mutanenmu kuwa ka san su da abin wa'adi. Sati biyu da rabi yana zaune yana korar ƙuda, sai kwana ukun ƙarshe duniya ta taso masa: direbobin tirela, 'yan dako, mata masu fataucin tattasai, manoman Farfaru da Daddara da suka bar yankan gero suka hawo babur. Kowa da uzurinsa, kowa shi ne mai sauri. Yau azahar ma sai dab da la'asar ya samu ya yi. Yanzu babu abin da yake so irin ya gan shi a gidansa a Katsina, ya watsa ruwa, ya ci tuwon matarsa Rahama da zafinsa, gobe da safe ya miƙa wa ofis kayansu a rabu lafiya.

Wani zai ce, to ya rufe murfin mana ya jefa a jaka. Ai ya taɓa yi. Bara ya yi wannan wayon, kwamfutar ta yi ta aiki cikin jaka har ta ɗau zafi ta mutu da kanta, sunayen mutum sittin suka bi iska, sai da ya koma ƙauyen yana bin su gida gida yana ba da haƙuri. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ya ɗauko waya zai kira ofis, ya tarar ta tsallaka Nijar ba da izininsa ba, har an turo masa saƙon maraba da Faransanci. Haka wayoyi suke yi a nan. Ya ɗora ta a tagar kudu, inda sabis ɗin gida ke kamawa, ya jira ta dawo ƙasarta, sannan ya kira Bilkisu ya sa a sifika.

Bilkisu ita ce likitar na'urorinsu a ofis. Ba ta gaggawa, ba ta kuma lallashi. Ta bar shi ya gama ƙorafi tas, sannan ta ce kada ya kuskura ya danne maɓallin wuta, wannan ba gyara ba ne, kisa ne. Ta sa shi ya haɗa maɓallai uku ya danna tare, wata taga ta buɗe mai jerin duk abin da ke gudana a cikin kwamfutar. Ga manhajar rajista nan a sama, an rubuta a gefenta ba ta amsawa. Ta tambaye shi lambar da ke gabanta, tsaye take cik ko tana motsi. Ya ƙura ido, ya ce tana ɗan motsi, daga sifili zuwa ɗaya, ta koma sifili.

“To ba mutuwa ta yi ba,” in ji Bilkisu. “Wani abu take jira. Mu nemo shi.”

Suka shiga nema. Akwai filashi a jiki? Babu. Firinta fa, ko akwai takardar da aka tura ba ta fito ba? Ya duba, babu ko ɗaya. Ko wata 'yar taga ce ta ɓuya a bayan babbar tana tambaya a adana? Ya juya tagogin ɗaya bayan ɗaya yadda ta koya masa, bai ga komai ba. A waje Manu ya danna hon sau biyu. Sai ta ce ya dubi na'urar ɗaukar yatsa, fitilarta a kunne take ko a kashe. Ya ɗaga littafin da ya kife a kanta. Ga gilashin nan yana ba da koren haske.

Sai Bilkisu ta ce, “Zunnuraini, wa ka bari a buɗe?”

Ya san wa. Tun da rubutun nan ya fara fitowa zuciyarsa ta raya masa, shi ne ya ƙi saurara.

Wata tsohuwa ce, ita ce ta ƙarshe a layi. Ba don ta makara ba. Tun da hantsi ya gan ta a ƙarshen benci lulluɓe da zane mai ruwan ƙasa, sai dai duk wanda ya zo da ƙarfin kafaɗa sai ya wuce gabanta, ita kuma ba ta ce uffan ba. Tasalla sunanta, daga Gangara. Ta miƙo masa lambar a rubuce a 'yar takarda da ta sha ninki. Ya shigar da suna, ya ɗauki hoto, komai ya tafi daidai, sai da aka zo kan yatsu. Hannun da ya shekara hamsin tsakanin fartanya da taɓarya, me ya rage a jikinsa? Fatar ta goge sumul, inda ba ta goge ba ta tsage. Ya gwada babban yatsa, ya gwada manuni, ya bi su duka biyar. Ya sa ta goga a goshi ko za ta samu maiƙo, ya sa ta wanke da ruwan leda, ya shafa mata basilin. Na'ura ta ce ita ba ta ga komai ba. Huɗu ta wuce, Manu ya fara leƙowa. Sai Zunnuraini ya kife littafi a kan gilashin, ya yi murmushi, ya ce, “An gama, Iya. Ki sauka lafiya.”

Ta yi masa godiya har da sa albarka, ta fita.

Bai ba Bilkisu labarin duka ba, ya dai ce wata tsohuwa ce yatsunta suka ƙi hawa. Ta ce to ga ciwon nan: manhajar ta aika wa na'ura a kawo yatsa, na'ura na jiran yatsa, ita kuma manhajar ba za ta kula kowa ba sai an kawo. Magani biyu ne. Ko a ba ta yatsan da za ta iya karantawa, ko kuma ya zaɓi sunan manhajar cikin jerin nan ya danna a tsayar da ita. In ya tsayar, duk waɗanda ya yi wa yau suna nan lafiya, an riga an adana su. Mutum ɗaya ce za ta ɓace, kamar ba ta taɓa zuwa ba, kwamfuta kuma ta mutu nan take. Ya tambaya ko tsohuwar za ta iya zuwa Katsina daga baya a gyara mata. Bilkisu ta ce bayan shida na yau ko ita kanta ba ta da iko a kai.

“Hannu biyun ka gwada?”

“Ɗayan ta ce babu.”

“Ta ce babu, ko ka gani babu?”

Ya tuna bai ko duba ba. Ta ja masa kunne kada ya zare wayar na'urar daga jikin kwamfuta, in ya zare komai zai rushe, ta ce wani na kiranta da tasa matsalar, ta kashe.

Ya kai kibiyar maus kan sunan manhajar, ya zaɓe shi. Danna ɗaya ya rage. Gaskiyar magana babu wanda zai taɓa sani. A ofis ba a tambayar wanda ba a yi wa ba. Tsohuwa kuwa sai bayan kwanaki za ta gane layin ya mutu, in ma ta gane, kuma kamfani za ta zarga, ba shi ba. Me tsohuwar ƙauye take yi da waya ma? Haka ya gaya wa ransa, ran kuma ya kusa yarda. Sai ya ɗaga kai don ya ga ko Manu na tahowa, idonsa ya faɗa kan bencin waje.

Tana nan zaune.

Kowa ya watse, mai shayi har ya fara fito da burodin yamma, ita kaɗai ce a ƙarshen bencin, inda take tun safe, ko matsawa inuwa ba ta yi ba. Wata irin kunya ta rufe shi, rabonsa da irinta tun yana yaro. Ya saki maus ɗin ya fita, ya tsuguna gabanta, ya tambaya ko mai babur take jira. Ta ce a'a, yau a cikin gari za ta kwana gidan wata 'yar cocinsu, gobe ta koma. Hutawa kawai take yi.

“Iya, ɗazu ba gaskiya na gaya miki ba. Ba a gama ba. Yatsunki ba su hau ba.”

“Na sani, ɗana.”

Ta ce tun safe tana nan tana saurare. Duk wanda aka gama wa, abin nan yakan yi kuka sau biyu, ƙit ƙit, sannan mutum ya fito. Nata bai yi kuka ba. Ba ta dai ga ya dace ta ƙaryata ma'aikaci a wurin aikinsa ba, shi ya sa ta ce bari ta zauna nan, ko Allah zai sa ya tuna da ita.

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Can ya tambaya, a hankali, ko ba za ta haƙura da wannan layin ba, wani a gida ya yanko mata sabo, ai waya duk waya ce.

Ta girgiza kai. Ta kai hannun dama ƙugunta ta taɓa wani ƙunshi da ke ɗaure a gefen zane, ba ta kwance ba. Ta ce layin mijinta ne, da ya rasu aka mai da shi sunanta. Ɗanta Ɗanasabe, shi ke nan gare ta namiji, damina huɗu ke nan da ya bi ta wannan shingen da suke kallo, ya nufi arewa neman aiki. Ya kira daga Maraɗi, ya kira daga Agadas, ya kira daga wani gari da bakinta ba ya iya faɗin sunansa, inda ya ce yana aikin gini. Bai yi boko ba, bai rubuta komai a ko ina ba, lambar ubansa ce kaɗai ya haddace a ka. Kusan shekara biyu ke nan wayar ba ta yi kuka ba. Wasu sun ce ta yi masa zaman makoki ta huta. Ita dai duk Lahadi takan kai wayar caji wurin solar coci, ta zauna kusa da ita har ta cika, ba ta barin kowa ya taɓa.

“In suka ba wani lambar,” ta ce, “ran da ya kira, wa za ya ɗauka? Mi za a ce mashi?”

Zunnuraini ya dubi kafaɗarta ta hagu, inda zanen ya sauko ya rufe komai har cinya. Ya ce ta yi masa afuwa, ɗayan hannun da ta ce babu, yanke shi aka yi?

Wata tirela mai buhunan wake ta shigo daga Nijar tana nishi, sai da ta wuce sannan tsohuwar ta ce hannun yana nan, sai dai ba nata ba ne. Tana 'yar shekara bakwai ta kwanta zazzaɓi, ta tashi ya shanye. Ubanta, wanda har ya mutu bai bar tsafin gidansu ba, ya ce Inna ce, uwar iskokin gidan, ta sha, rabonta ne ta ɗauka. Saboda haka ba a miƙa wa kowa shi, ba a nuna wa baƙo, kada mai abin ta ji haushi ta dawo ta ɗauki wani abu. Haka ta tashi, haka ta yi aure, ta yi noma, ta yi daka, ta goyi 'ya'ya.

“An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,” ta ce tana 'yar dariya. “Ni nawa ya ɗauka.”

Shekara ashirin ke nan da ta shiga coci. Fasto ya ce mata babu wata Inna, ciwo ne kawai irin na yara, kuma ta yarda da fasto. Amma dai ba ta ga dalilin tsokana ba, balle yanzu da take da ɗa a uwa duniya.

Zunnuraini ya ce shi wannan ya fi ƙarfin saninsa. Abin da ya sani shi ne, hannun da bai taɓa riƙe fartanya ba, da wuya zanensa ya goge. Bai yi mata alkawari ba. Ya ce gwaji ne kawai, in ta yarda, in kuma ba ta yarda ba to shi dabararsa ta ƙare.

Daidai nan Manu ya iso ransa a ɓace, ya ce biyar saura kwata, fasinjoji sun fara yi masa tsiya. Ya dubi Zunnuraini a tsugune, ya dubi tsohuwar, ya leƙa kwamfutar da ke buɗe a ciki. Zunnuraini ya ce ya sa wani a gaban ya tafi. Manu ya tambaya to a ina zai kwana, ya ce masallacin tasha bai taɓa korar baƙo ba. Manu ya rusuna ya gaida tsohuwar, ya ce gobe shida da rabi yana nan, in kuma aka sake ce masa minti biyar to wallahi tafiyarsa zai yi.

Suna kallo motar ta tashi. Tasalla ta bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ta dubi Zunnuraini, ta daɗe tana dubansa. Ta miƙe, ta shiga kwantenar, ta ce ya turo ƙofa.

Ya turo, ya bar 'yar kafa don haske. Ta zauna, ta yi wata 'yar addu'a ƙasa-ƙasa, bai ji da wane suna aka yi ta ba. Sannan ta ɗaga zanen da hannun dama, ta ɗauko na hagun ta ɗora bisa tebur kamar mai ajiye ƙwai. Ɗan ƙarami ne, bai fi na yarinya ba, yatsun a lanƙwashe ciki, fatar da laushi. Tsoro take ji sosai, ba wasa ba. Ya nemi izini, ya yi bisimilla, ya kama.

Yatsun ba sa miƙewa, don haka dole na'ura ce za ta je wurinsu. Wayarta gajera ce, kashedin Bilkisu kuma na kunnensa. Ya jawo kwamfutar bakin tebur a hankali, ya karkata gilashin, ya zura shi ƙarƙashin manuni, ya danna da babban yatsansa. Babu abin da ya faru. Ya goge gilashin da gefen riga, ya sake. Shiru. Ya fara tunanin ko a banza ya sa tsohuwa ta karya abin da ta riƙe shekara sittin. A na uku ya ɗan mirgina yatsan gefe, sai koren hasken ya ƙifta.

Allon bai canza ba, yana nan fari fat. Ya ce ta daure kada ta motsa. Suka zauna haka, shi riƙe da yatsanta, ita ta kau da kai tana kallon bango, daga waje ana jin 'yan dako na sauke buhuna suna yi wa juna ba'a. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya shiga. Sai farin ya yaye, launin manhajar ya dawo, ga hoton Tasalla a gefe, ga zanen yatsa a ɗan akwatinsa, layi layi a zagaye, tsaf, babu tsaga ko ɗaya. Duk sati ukun nan bai ɗauki mai kyansa ba.

Ya ce ta duba. Ta waiwayo ta leƙa allon, ta tambaya mene ne wannan. Ya ce yatsanta ne. Ta yi ta kallo.

Yatsa na biyu bai ba da wahala ba. Ya adana, ya tura. Sabis ɗin bakin boda ya yi halinsa, abin ya rarrafa ya tsaya, ya rarrafa ya tsaya, sai da ya ɗaga 'yar na'urar intanet ɗin sama a tagar kudu har hannunsa ya gaji. Biyar da minti ashirin da biyar kwamfutar ta yi kuka, ƙit ƙit.

“Yauwa,” in ji Tasalla. Ta riga ta mai da hannun ƙarƙashin zane.

Ya rufe manhajar, ya ba da umarnin kashewa. Wannan karon ko musu babu, allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi, fankar ta yi shiru. Ya ji wani sanyi a ransa, har abin ya ba shi dariya, kamar ba ita ce ta tsare shi awa guda ba. Yana naɗe wayoyi yana gaya mata cewa yanzu kamfani zai turo mata saƙon tabbaci, in ta ji wayarta ta yi ƙara to shi ne, kada gabanta ya faɗi.

Suka jira. Ya gama haɗa jaka, ya goge tebur, ya tura wa Rahama saƙo cewa sai gobe, duk da haka ba a ji ƙarar wayar tsohuwar ba. Ya ce ko za ta duba. Ta kwance ƙunshin, tsumma cikin tsumma, ta fito da 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, an ɗaure bayanta da roba. Saƙon ya shigo tun ɗazu, ga shi nan a kan allo, amma shiru kake ji.

Ya ce ta ba shi ya gani. Ta ɗan noƙe, sannan ta miƙo. A sama ga 'yar alamar lasifika an ja mata layi. Ya tambaya wa ya rufe wa wayar murya. Ba ta gane ba sai da ya yi mata bayani. Ta yi tunani, ta ce ita dai sau ɗaya wani ya taɓa riƙe ta. Ran bikin Ista na bara, Zipora 'yar fasto ta bi ta karɓi wayoyin tsofaffi duka, ta taɓa wani abu don kada su yi kuka ana tsakiyar addu'a, da aka tashi ta mai da wa kowa tasa. Sauran suna da jikoki masu latse-latse. Ita kuwa babu mai kiranta a gida, duk wanda ta sani in ta ɗaga murya zai ji ta.

Zunnuraini ya kau da saƙon kamfanin. A ƙarƙashinsa akwai wani rubutu, wanda ta ce ta daɗe tana ganinsa, ta ɗauka tallar kamfani ce. Kira goma sha huɗu da ba a ɗauka ba. Ya buɗe jerin. Lamba ɗaya ce ke ta maimaituwa, doguwa, ta ƙasar waje. Mai aiki a bakin boda ya san kan lambobi: wannan ba ta Nijar ba ce, ta Aljeriya ce. Kiran farko tun bara da damina. Na ƙarshe sati uku da suka wuce, ranar Talata da hantsi.

Yana iya yiwuwa wani ne ya yi kuskuren lamba. Yana iya yiwuwa wani ne ke neman ya ba da labari marar daɗi. Duk ya san wannan. Ya kuma san cewa yau ya riga ya yi wa matar nan ƙaryarsa guda, ba shi da ta biyu. Ya buɗe muryar wayar, ya ƙure ta har ƙarshe, ya ja kujera ya zauna daidai da ita, ya gaya mata abin da ya gani kamar yadda ya gan shi, bai ƙara ba bai rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya sau nawa, ya sake faɗa. Ta tambaya na ƙarshen yaushe, ya sake faɗa. Ta ƙirga kwanakin da yatsu a kan cinya, ta ce ran nan tana gona tana yankan gero, wayar na ƙugunta.

Ya ɗauko tasa wayar daga taga, ya kwafi lambar, ya sake dubawa sau biyu don kada ya yi kuskure, ya ɗora yatsa kan maɓallin kira.

“In kira, Iya?”

“Dakata.”

Ta miƙe tsaye. Ta kakkaɓe zanenta, ta share fuska da gefensa, ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa a natse, ta gyara shi ta gaba, ta gyara ta baya. Sannan ta zauna, ta miƙe bayanta, ta yi gyaran murya.

“To, kira shi.”